Asali da Aro a Kiɗan Hausa: Waiwaye daga Goge zuwa Fiyano

1.0 Gabatarwa

Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin finafinan Hausa suka cika kasuwanni da tashoshin mota, da wuya a zauna taron ƙara wa juna sani a kan waƙa a tashi ba tare da wani ya koka cewa kiɗan Hausa ya rasa asalinsa ba. Hujjar da aka saba kafawa ita ce, wai mawaƙan baya-bayan nan sun ari karin Indiya, alhali su Narambaɗa da Shata nasu na kansu ne tsantsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta waiwayi tarihin wannan aro, ta nuna cewa ya girmi fim ɗin Hausa da shekaru masu yawa, kuma bai hana a gane makaɗi ba. Abin da ya raunana kamannin mawaƙi wani abu ne dabam, wato rarraba aikin da a da mutum guda ke riƙe da shi a tsakanin mutane da yawa. Za a kuma leƙa ƙasar Malayu, wato Maleshiya da Singafo, saboda al'umma ce ta Musulmi da finafinan Indiya suka ratsa kamar yadda suka ratsa mu, kuma ta yi irin wannan muhawara tun kafin mu fara tamu.

2.0 Kalmar "asali"

Kalmar asali Balarabiya ce, kuma a bakin Bahaushe ta fi karkata ga tushe da salsala. Idan aka ce mutum ɗan asali ne, ana nufin an san gidan da ya fito. Ba ta ɗauke da ma'anar ƙago abin da ba a taɓa yi ba, wadda manazarta suka jingina mata daga baya domin fassara ra'ayin Turawa game da fasaha. Ma'anonin nan biyu suna iya karo da juna, domin mai asali na farko magaji ne, mai asali na biyu kuwa mafari ne.

Garin Suleja, inda aiki ya zaunar da ni, wuri ne mai kyau na tuna wannan bambanci. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya a zamanin jihadi ya sauka Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, sunan da aka bai wa sabon babban birnin tarayya bayan 1976, shi kuma garin ya koma Suleja da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Da M. G. Smith ya so fayyace tsarin sarautar Zazzau kafin jihadi a littafinsa na 1960, abin da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta game da Abuja ya dogara da shi. Ke nan a nan asali yana nufin abin da aka riƙe bai sauya ba. Amma a wannan gari dai Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954, ta ɗauki siffar tulun Gwari da zanensa ta haɗa da gashi da shafen da Bature ya zo da su. Ban taɓa jin an kira ta mai kwaikwayo ba. Hotonta aka sa a takardar naira 20.

3.0 Abin da ake gane makaɗi da shi

Kafin a ce makaɗi ya rasa kamanninsa, wajibi ne a san da me ake gane shi tun farko. A tawa fahimta, abu na farko shi ne abin kiɗa. Bahaushe yakan laƙaba wa makaɗi sunan abin kiɗansa, har ya zama sarauta, kamar Sarkin Taushi da Sarkin Kotso da Sarkin Tambura. Da an ji kotso hankali ya tafi ga Ibrahim Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo, taushi ga Salihu Jankiɗi, kalangu ga Mamman Shata ko Ɗan'anace, kukuma ga Garba Supa da Hassan Wayam, gurmi ga Haruna Uji, kuntigi kuwa ga Ɗanmaraya Jos. Abin kiɗan ma shi ke sanar da wanda ake yi wa waƙar, domin ba a ɗaukar tambari a kai wa mahauci.

Su kansu kayan kiɗan ba duka aka haifa a ƙasar Hausa ba. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya shigo da su, sunan algaita kuma yana nuna hanyar da ta biyo daga Arewacin Afirka. Kuntigin da Ɗanmaraya ya zagaya duniya da shi, sau da yawa da gwangwanin kifi ake yin ƙoƙonsa a rufe da fata. Gwangwanin Turawa ne, amma babu wanda ya ji amonsa ya tuna da Turai.

Abu na biyu shi ne murya da yadda jagora ke mu'amala da 'yan amshinsa. Ƙungiyar Ɗanƙwairo tana karɓe ɗan waƙa daga bakin jagora ta ƙarasa masa, har murya ta hau kan murya. 'Yan amshin Shata kuwa gindin waƙa kawai suke maimaitawa, su bar masa fili ya yi ta zuba. Ɗanmaraya ba shi da 'yan amshi sam, kuntiginsa ke karɓa masa. Wanda ya saba sauraren Rediyon Kaduna, wadda ta fara aiki a 1962, ba ya bukatar mai gabatarwa ya faɗa masa wanda ke waƙa.

Na uku shi ne magana, wato zaɓen kalmomi da karin harshe da azanci da kirarin kai. Sakkwatancin Narambaɗa ba ya ɓoyuwa, haka Katsinancin Shata. Makaɗi yakan ambaci sunansa da na garinsu da na yaransa a cikin waƙa, ya sa mata hatimi ke nan. Bakandamiya ita ce ƙololuwar wannan al'ada. Narambaɗa yana da tasa, Shata yana da tasa, suna ɗaya, turke ɗaya, wato yabon kai da ƙasƙanta abokan hamayya, amma ba a taɓa cewa ɗaya ya saci ta ɗaya ba.

Abin lura a nan shi ne rauji, ko karin waƙa, bai shiga wannan lissafi a matsayin dukiyar mutum guda ba. Amada kiɗan matan kulle ne da ake yi da ƙwarya tun kafin a haifi Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, kuma Uwaliya Mai Amada ta riga ta fita da shi bainar jama'a. Barmani ta tarar da waƙoƙi da yawa a bakin mata, ta zuba musu nata barkwancin da tsaurin ido, suka zama nata. Marubuta waƙoƙi ma haka suka yi. Sanannen abu ne cewa Aliyu Namangi ya ɗora Imfiraji a kan karin kiɗan caji, ya mai da abin rawa abin wa'azi, kuma Ɗalhatu Muhammad ya yi bayanin irin wannan cuɗanya ta waƙar baka da rubutacciya tun shekarun 1970. Tahamisi kuwa aro ne da aka mayar ilmi: Ishiriniyar da ake rerawa a masallatai da zauruka baitocin Alfazazi ne da ƙarin Ibn Mahib, kuma an san rabon kowa.

Gado ma bai zama sharaɗi ba. Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya gaji kiɗa a gidansu. Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, bai gada ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ba. Idan da ma'anar asali ta farko za a auna, Shata ba shi da asali a waƙa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

4.0 Zuwan karin Indiya

An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, wasu kamar Palace da El Dorado da Plaza suka biyo baya, kuma daga shekarun 1950 Kwarori masu harkar silima suka fara shigo da finafinan Indiya. Mother India, na 1957, ya shafe shekaru ana maimaita shi. Daga tsakiyar shekarun 1970 talabijin ta kai waɗannan finafinai cikin gidaje, inda matan da ba sa zuwa silima suka same su. Mutane ba sa jin harshen, amma kunne ya kama karin, yara suka riƙa ɗora masa kalmomin Hausa a dandali.

Makaɗan da suka fara ɗaukar wannan kari da gangan masu kiɗan tsirkiya ne na birane, waɗanda ke wasa a otal-otal da gidajen rawa. Abdalla Uba Adamu, wanda ya fi kowa bin diddigin wannan al'amari, ya nuna yadda Abdu Yaron Goge, makaɗin da ya yi tashe tare da jam'iyyar NEPU, ya ɗauki karin wata waƙa daga fim ɗin Rani Rupmati na ƙarshen shekarun 1950, ya zuba shi a goge da kalmomin Hausa. Ali Makaho ma ya taɓa irin wannan. Ba abin mamaki ba ne da aka fara daga goge da kukuma, saboda tsirkiya tana iya bin lanƙwasar muryar Indiya, abin da zai yi wa kotso wuya, kuma masu sauraren waɗannan makaɗa su ne masu cika silima da dare. Fada ba ta da bukatar wannan aro, ba ta kuwa yi shi ba.

Tambayar ita ce, shin wanda ya ji wannan waƙa ya ɗauka Ba'indiye yake ji? Bai ɗauka ba. Ya ji gogen Abdu, da muryar Abdu, da Hausar Abdu, sa'an nan ya yi murmushi saboda ya gane inda aka samo karin. Gane tushen ma wani ɓangare ne na daɗin waƙar.

Masu begen Annabi da bandiri sun fi kowa fito da wannan a fili. A Kano, cikin shekarun 1980 da 1990, aka sami ƙungiyoyin matasa da ke ɗaukar karin waƙoƙin soyayya na Indiya suna ɗora musu yabon Manzon Allah, har ɗaya daga cikinsu ta kira kanta Ushaƙu Indiya. Brian Larkin ya yi nazari a kansu. Malamai sun yi saɓani game da dacewar abin, wasu na ganin karin zai tuna wa mai sauraro rawar da ya gani a majigi, su kuma matasan na ganin sun ƙwato kari mai daɗi daga hannun shagala. Wannan hujja tasu ba ta da nisa da abin da Namangi ya yi da caji. Ko ma wane ɓangare mutum ya bi, ba za a zarge su da ɓoye tushe ba, tun da a sunansu suka rubuta shi.

5.0 Misalin ƙasar Malayu

Harshen Malayu ya ari wannan kalma ta Larabci da muka ara. Suna cewa asli, kuma suna da wani nau'in waƙa mai tafiyar hawainiya da suke kira da wannan suna, wato waƙar asali. Abin sha'awa, babban abin kiɗanta gogen Turawa ne, tare da bandirinsu da suke kira rebana. Sauran kaɗe-kaɗen da suke ɗauka na gargajiya ma haka suke: zapin ya zo ne tare da Larabawan Hadramaut, joget kuma ana danganta shi da Fotugis da suka ci Malaka a 1511. Wasan daɓensu na bangsawan ya tsiro ne a Penang a ƙarshen ƙarni na 19 daga kwaikwayon 'yan wasan da ke zuwa daga Bambai. Taken ƙasar Maleshiya kansa, da aka ɗauka a 1957, an ɗora shi ne a kan karin wata sananniyar waƙa mai suna Terang Bulan.

Da harkar fim ta kafu a Singafo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu jarin 'yan Sin ne, kamar kamfanin Shaw Brothers, masu ba da umarni kuwa Indiyawa, irin su B. S. Rajhans da L. Krishnan, waɗanda sau da yawa labaran Indiya suke juyawa. A cikin wannan gida P. Ramlee ya tashi. An haife shi a Penang a 1929, ya fara fitowa a fim a 1948, ya fara ba da umarni da Penarik Beca a 1955, ya fito a finafinai fiye da 60. Waƙoƙinsa sun ɗebo daga Indiya da Larabawa da kiɗan rawa na Latin Amurka da na Turawa. Duk da haka, a yau shi ne ma'aunin da Malayu ke auna asalin waƙarsu da shi.

Dalili, a ganina, shi ne mutumin ya riƙe aikin duka a hannunsa. Shi ke tsara kari, shi ke rerawa da muryarsa, ya iya goge, fuskarsa ake gani a majigi, kuma rayuwar talakan Malayu yake ba da labari da harshen da talakan ke yi. Ta wannan fuska ya fi kusa da Shata a kan mawaƙan fim na Bambai. A tsakiyar shekarun 1960 matasa suka juya ga kiɗan jita da suka kira pop yeh yeh, suna koyi da Beatles da Shadows, kasuwarsa ta ja baya. Ya koma Kuala Lumpur a 1964, situdiyon Shaw na Singafo ya rufe a 1967, kuma a babban taron al'adu na ƙasa na 1971 sai ga P. Ramlee yana gabatar da takarda a kan yadda za a ɗaukaka kiɗan asli da na gargajiya. Babban mai aro ya zama mai tsaron asali. Ya rasu a 1973 yana da shekara 44, ba a ba shi lambar Tan Sri ba sai a 1990. Shi kuma kiɗan jitar da aka yi wa kallon baƙo, yanzu dattawa ke tuna shi a matsayin kiɗan zamaninsu.

6.0 Fiyano da rabuwar makaɗi

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. A tsakiyar shekarun nan situdiyoyi a Kano, musamman na Iyan-Tama, suka fara amfani da fiyano samfurin Yamaha, kuma nasarar Sangaya a 1999 ta tabbatar wa masu shirya fim cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Daga nan aka sami abin da ake kira nanaye, namiji da mace suna musayar baiti a kan soyayya.

Kayan kiɗan Turawa ba baƙi ba ne a lokacin, domin Bala Miller ya yi waƙoƙin Hausa da ƙahonin Turawa da jita tun kafin haka, Sa'adu Bori na Maraɗi ma ya yi da cikakkiyar ƙungiyar zamani. Sabon abu shi ne tsarin aikin. Mai shirya fim yakan zo da kaset ɗin Indiya ya ce ga irin abin da yake so. Wani ya rubuta baitoci, mai fiyano ya haɗa kiɗa, mawaƙi ya shiga ya rera, sa'an nan ɗan wasa ya motsa baki a gaban kyamara. Aikin da Shata ke yi shi kaɗai da yaransa ya rabu gida huɗu ko biyar, kuma wanda jama'a suka sani shi ne wanda bai rera komai ba. Mawaƙa irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim sun daɗe muryoyinsu na yawo a gari kafin yawancin masu saurare su san fuskokinsu. A Indiya, inda aka aro wannan tsari, sunan Lata Mangeshkar da Muhammad Rafi yana kan faifai, kuma ya kai na 'yan wasa ƙarfi. Mu mun ari tsarin, ba mu ari wannan ɓangare nasa da wuri ba.

Idan aka koma ga abubuwa ukun da aka ambata a baya, za a ga yadda kowanne ya raunana. Fiyano guda a situdiyo guda ita ke yi wa mawaƙa da yawa kiɗa, saboda haka amo ya daina nuna mutum. Tana iya kwaikwayon sarewa da ganga, amma ba wanda za a kira Sarkin Fiyano a ce da an ji ta shi aka ji. Murya kuma aka riƙa matse ta ta yi siriri irin na matan Indiya, daga baya na'urar gyaran murya ta ƙara shafe ɗan bambancin da ya rage. Magana ita ma ta zama ta ɗan wasan da ke cikin labari, mawaƙi ba shi da damar ambaton kansa ko garinsu, karin harshe ya koma Kananci ko da mai rerawa daga ina ya fito. A nan ne, ba a wurin aron kari ba, kukan da ake yi yake da gaskiya.

Hujjar da ta ƙara tabbatar mini da haka ita ce abin da ya biyo baya. Da mawaƙa suka fara fitar da waƙoƙinsu ba tare da fim ba, musamman bayan dakatar da shirya finafinai a Kano a 2007, kamanni suka fara dawowa alhali fiyano tana nan ba ta tafi ba. Aminu Ladan Abubakar, wato Ala, ya shigo da ƙafiya da tsarin baiti na rubutacciyar waƙa, har ana gane shi da zaɓen kalma. Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka yi suna da muryoyinsu. Naziru M. Ahmad ya koma ga salon makaɗan fada da amshi da kirari, har Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa shi Sarkin Waƙa a 2018, sarautar da ya ajiye a 2020. Ambaton suna a cikin waƙa ma ya dawo, har mai haɗa kiɗa yakan sa nasa a farkonta.

Akwai aikin da ya rage wa masana harshe a nan. Muna amfani da "satar fasaha" mu rufe abubuwa da yawa da Hausa ta riga ta bambanta. Dokokin haƙƙin mallaka na 1970 da 1988 da na 2022 suna da nasu ma'auni, wanda ya sa kari cikin abin da ake mallaka, kuma wannan ma'auni ba shi ne na makaɗan baka ba. Aro yana tare da sanin mai abu. Kwaikwayo aikin almajiri ne kafin ya tsaya da ƙafarsa, kamar yadda yaran makaɗi ke yi shekara da shekaru a bayan ubangidansu. Juyawa ita ce abin da Namangi da masu bandiri suka yi, a ɗauki kari a sauya masa manufa. 'Yan fim kuwa da kansu suka raɗa wa ɗaukar fim ko waƙar Indiya sukutum sunan wankiya. Kalmar tana da fuska biyu, domin wanki yana gusar da alamar da ke jikin abu, kuma a Hausar kasuwa idan aka ce an wanke mutum ana nufin an cuce shi. Wanda aka wanke a nan, ko Ba'indiyen da ya tsara karin ne ko mai sayen kaset da aka sayar wa tsohon abu da sunan sabo, masu kalmar ba su fayyace ba.